Mutanen Ɗaya ga Janairu

Kowace Asabar da hantsi, mutum shida ko bakwai sukan taru a wani ɗaki na unguwar Wadata, cikin garin Tawa, domin su koyi neman aibi. Aibin mutane kowa ya iya nemansa tun daga gida, ba sai da malami ba. Su aibin manhaja suke nema, wato tsarin da ake zuba wa salula ko ordinater, kwamfuta ke nan, domin ta yi wani aiki. Masu abin sun ce sana'a ce mai zaman kanta: wani ya yi gini, wani ya zo ya girgiza shi ya ga inda zai tsage, tun kafin a sa mutane a ciki.

Zaman yana da ƙa'ida. Ana haɗa salula ɗaya da wata tsohuwar tele da ke rataye a bango, yadda kowa zai ga abin da ake taɓawa. Mutum biyu ke aiki a lokaci guda. Ɗaya shi ne mai hannu: yana riƙe da salular, ba ya magana, ba ya shawara, abin da aka ce ya danna shi zai danna. Ɗayan shi ne mai baki: ba ya taɓa komai, umurni kawai yake ba mai hannu. Sauran su yi shiru su kalla. In minti goma suka cika, Muktari, wanda aka ba riƙon lokaci saboda shi kaɗai agogonsa ke tafiya daidai, sai ya buga cokali a jikin kofin shayi. Mai baki ya koma cikin ƴan kallo, mai hannu ya zama mai baki, wani sabo ya karɓi salula. Duk aibin da aka gano a rubuta shi a wata babbar takarda da aka liƙa kusa da telen.

Wanda ya kafa zaman shi ne Almoustapha. Ɗakin nasa ne, telen tasa ce, ganyen shayi da sukari ma daga gidansa suke fitowa. Ya yi karatu a Yamai, ya dawo ya koyar da rabin waɗanda ke zaune a ɗakin, shi ya sa har yau Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malami a makarantar Faransanci. Kullum yana nanata musu cewa mai gwaji ba shi da aboki, kuma manhaja ba ta da uwa a ɗakin da za ta ji haushi. Sun kuwa ɗauki maganar. Wata shida suna sauko da manhajojin mutanen da ba su sani ba, na ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, suna yi musu kaca-kaca, har akan cika takardar bangon a juya bayanta.

Sai wata rana Mushe ya kawo tasa.

Wata ƙungiyar manoma ce ta roƙe shi ya rubuta mata manhajar da za a yi rajistar magidanta da ita a ƙauyukan Barmou, kafin rabon irin gero na damina. Wanda sunansa ya shiga zai samu iri, wanda bai shiga ba sai ya jira baɗi. Abin da Mushe ya fi alfahari da shi a cikin aikin shi ne dabarar da ya sa domin kada mutum ɗaya ya yi rajista sau biyu. In suna da sunan uba da ranar haihuwa suka zo daidai da na wani da ke ciki, manhajar takan ɗauka mutumin nan ne ya dawo, sai ta share tsohon ta ajiye sabon, ba tare da ta dami kowa da tambaya ba. Sau uku ya bayyana musu wannan dabara, a tsaye, da ƴar sanda a hannu.

Asabar biyu aka yi ana gwada manhajar, kuma ba a taɓa ganin ladabi irin na waɗannan ranaku ba. Mutanen da suka saba sa a rubuta cewa manomi yana da shekara ɗari tara, ko a bar gurbin suna fanko a ga abin da zai faru, suka koma ba da sunaye masu tsabta, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar masu sauke ƙwai daga mota. Abu biyu kacal suka hau takardar bango. Muktari ya lura cewa koren da ke shafin farko ya ɗan yi haske. Wata mai suna Tanna ta ba da shawara a ƙara sallama a wurin buɗewa. Mushe ya yi godiya, ya ce wannan sakamako yana nuna amfanin yin aiki a natse, ya sanar da cewa za a yi zama ɗaya na ƙarshe, ranar Litinin kuma salulolin da aka zuba wa manhajar su wuce Barmou.

Mutum ɗaya a ɗakin ta san cewa in suka wuce a haka, mutane da yawa ba za su ga iri ba. Sunanta Zalika. Ita ce ta fi kowa natsuwa a gwaji, kuma ita ce ta fi kowa rashin damar yin magana, domin matar Zubairu ce, ƙanen Mushe uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu da aurenta ba ta taɓa ambatar sunan wan mijinta ba, Yaya take cewa, shi ma a bayan idonsa. Ba ta ci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in sun haɗu a zaure takan durƙusa ta gaida bango. Shi da kansa ya ce ta riƙa zuwa zaman, ta bakin Zubairu, saboda ya ga takardunta na makaranta. Takan zo ta zauna a bayan ƙofa, ta yi hannu da kyau, in layin baki ya zo kanta sai ta tuna cewa ruwan tulu ya ƙare ta fita.

Ranar Laraba ta gano abin, a ɗakinta, da salular da aka ba kowa ya tafi da ita gida. Tana da kwafin takardun haihuwar danginta a cikin wata jaka, sai ta ce bari ta gwada da mutanen gaske. Ta shigar da mahaifinta, ta shigar da wani ɗan'uwansa wanda aka raɗa musu suna ɗaya, iyayensu maza kuma su ma suna ɗaya suka ci, kamar yadda aka saba a gidajen da ke da kaka ɗaya mai daraja. Da ta buɗe jerin sunaye, mahaifinta ya ɓace. Ta sake, ya sake ɓacewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa riƙe takardun karkara. A ƙauyukan Adar, ƙasar da Tawa da Barmou ke ciki, duk wanda aka haifa a ɗaki, ya girma kafin ya nemi takarda, ma'aikatan biro, wato ofishin hukuma, sukan kimanta shekararsa su ba shi ranar ɗaya ga Janairu, tunda gurbi ba ya zama fanko. In da takardu za a bi, matan karkara ba su taɓa yin naƙuda a wata rana ba. Mushe kuwa a asibitin Tawa aka haife shi, ranar sha bakwai ga Agusta, yana da shaida.

Ta fara da hanyar da ta fi sauƙi, ta aiki mijinta. Zubairu ya saurare ta har ƙarshe, ya ce ya gane sarai, ya tafi wurin wansa bayan la'asar. Amma shi ma ƙane ne. Ya fara da gaisuwa, ya bi da yabon aikin, ya ce mutanen gidansa sun gwada sun ga abin mamaki, musamman a wajen ranar haihuwa. Kafin ya kai ga inda aibin yake, wan ya yi murmushi ya ce ai nan ne zuciyar aikin, ya ce a gaishe ta. Zubairu ya dawo ya ba da rahoton cewa saƙo ya isa.

Ranar Juma'a ta yi tunanin ta rubuta takarda ba suna ta tura ta ƙarƙashin ƙofa, sai ta tuna Mushe ya san rubutun kowa, shi ya koya wa rabinsu. Tana cikin wannan hali ta ji muryar Raƙiya a tsakar gida, ta iso daga Barmou da daurin tabarmin kaba, za ta kwana biyu ta ci kasuwar Lahadi. Raƙiya ɗiyar kawun su Mushe ce, wato taubashiyarsa. A duk faɗin Tawa ita kaɗai ke iya cire masa hula a gaban mutane ta ce kansa ya yi kama da tulu, shi kuma ba shi da abin yi sai ya rama ko ya yi dariya. Zalika ta ja ta ɗaki ta yi mata bayani. Raƙiya ba ta damu da yadda manhaja ke aiki ba, amma ta fahimci cewa ana gayyatarta ta kunyata Almoustapha a gaban ɗalibansa, ta ce ko tabarmin za su kwana a rana za ta zo.

Da hantsin Asabar ta shigo ɗakin ba sallama, ta tsaya ta ƙare wa telen kallo, ta juya kan mai ɗakin.

"Bawana, ashe nan kake tara ɗiyan mutane kuna kallon tele da rana tsaka? To tashi ka ba uwargijiyarka kujera."

Mushe ya tashi ya ba ta kujerar, ya gabatar da ita ga jama'a a matsayin wata baiwar gidansu da aka manta ba a sayar ba. Ya ce tunda daga Barmou take, kuma can manhajar za ta, ba laifi ta yi baki na minti goma, a ga yadda mutanen ƙauye za su ji da ita. Zalika ta miƙa hannu ta karɓi salular kafin wani ya riga ta. Muktari ya duba agogo ya ce bismilla.

Minti bakwai na farko Raƙiya ta kashe su a kan tarihi. Ta ba ɗakin labarin ranar da jaki ya kayar da Mushe a bakin tabki yana ɗan shekara tara, da yadda ya dawo daga Yamai da tabarau alhali idonsa lafiya lau, da wani auren da ya je nema aka ba shi fura ya zubar a rigarsa. Ɗaliban suka sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Zalika tana riƙe da salula, yatsanta a sama, tana kallon agogon Muktari ta gefen ido. Ƙa'ida ta hana mai hannu magana, don haka sai ta taka ƙafar Raƙiya a ƙarƙashin tebur.

Raƙiya ta tuna abin da ya kawo ta. Ta sa aka rubuta Alƙasum Yunusu na bakin rijiya, haihuwar ɗaya ga Janairu, shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in. Ta sa aka rubuta Alƙasum Yunusu maƙeri, ranar da shekarar duk ɗaya, ta ce ai kaciyarsu ma ɗaya. Ta ƙara da Alƙasum Yunusu mai raƙumi. Sannan ta ce a nuna mata su. Zalika ta buɗe jerin, sai ga suna ɗaya tal a kan tele.

"Ka gani? Wanga abu naka ya cinye maƙeri, ya cinye na bakin rijiya. Halinka ya ɗauko, kai ma ba ka barin komi cikin akushi."

Ɗakin ya fashe da dariya, irin dariyar mutanen da suka daɗe suna riƙe ta. Mushe ya fi kowa yi. Ya share ido ya ce shekara arba'in ke nan Raƙiya tana ƙirƙiro masa ƙarya, yau kuma ta ƙirƙiro mutum uku da suna ɗaya da uba ɗaya da rana ɗaya, manhajar kuwa ta kama ta, ta yi daidai abin da aka gina ta domin shi. Ya ce a tafa wa manhaja. Aka tafa. Muktari ya buga cokali. Ba wanda ya tashi ya nufi takardar bango. Raƙiya kuma, da yake ta samu dariyar da ta zo nema, ta karɓi kofin shayi ta jingina.

A nan Zalika ta ga inda lissafinta ya karkace. Taubashiya tana da izinin faɗin komai, amma da sharaɗin ba a ɗaukar komai nata da gaske. Ta ɗauko bakin da ba a hana shi magana, ta manta cewa ba a kuma saurarensa.

Muktari ya ce layin baki ya zo kan mai hannu. Tanna ta karɓi salular, kowa kuma ya jira Zalika ta tuna da tulu. Ta dubi ƙofa. Tulun a cike yake, ita ta cika shi da safe, amma wannan bai taɓa hana ta fita ba. Ta yi tunanin maƙerin Barmou, wanda ba ta taɓa gani ba, yana tsaye a layi ranar rabo ana duba sunansa ba a gani. Sai ta gyara zaman mayafinta, ta juya kujerarta kaɗan yadda bayanta zai fuskanci wan mijinta, ta buɗe jakarta. Ƙa'ida ta ce mai baki da mai hannu kaɗai yake magana. Ba wanda zai ce ta yi wa surukinta magana.

"Tanna, share duk abin da anka sa. Ki rubuta abin da ke cikin wagga takarda, kada ki canza ko harafi."

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma da yake yawancinsu ba su taɓa jin ta a ɗakin ba, har mai hura gawayin shayi ya dakata. Tanna ta rubuta. Zalika ta miƙa mata takarda ta biyu ta ce ita ma haka. Sannan ta ce a buɗe jerin. Suna ɗaya ya fito. Ta ce wa Tanna ta ajiye takardun biyu a kan tebur, a tsakiya, inda duk mai son dubawa zai iya dubawa.

Mushe ya ɗauke su. Ya cire tabarau ya duba, ya mayar ya sake dubawa. Takardu ne na hukuma, kowace da hatiminta da sa hannunta, ƙauyuka biyu daban, sunayen uwaye mata daban, suna ɗaya, uba ɗaya, ɗaya ga Janairu. Ya gane sunan surukin ƙanensa, mutumin da shi da kansa ya je ya durƙusa a gabansa ranar neman aure. Ya dubi telen, inda dattijon ba ya ciki. Raƙiya ta buɗe baki za ta yi magana ta fasa.

Da ya tashi magana, bai dubi Zalika ba, kodayake tsakaninsu bai kai kamu uku ba. Tanna ya duba.

"Tanna, tambayi mai baki, tun yaushe anka ga wanga abu?"

Tanna ta juya ta tambaya. Zalika ta gaya wa Tanna cewa tun Laraba. Tanna ta juya ta isar. Ya ce a tambaye ta mutum nawa take jin abin zai shafa. Ta ce a gaya wa Yaya, a ƙauyen su mahaifinta kaɗai ta san gida biyar. Ya ce a tambaye ta me take gani ya kamata a yi. Ta ce a gaya wa Yaya, shi ya fi sani, amma da manhajar za ta riƙa tambaya kafin ta share, kuma da za a ƙara sunan ƙauye da sunan uwa cikin abin da take kwatantawa, da dabararsa ta ci gaba da kama masu dawowa sau biyu ba tare da ta taɓa bayin Allah ba. Tanna, wadda aikinta na sauran ranakun mako shi ne tafinta tsakanin Hausa da Tamashek a wani asibiti, ta ce wannan ne karo na farko da aka sa ta fassara Hausa zuwa Hausa, kuma wuyanta ya fara ciwo. Ba wanda ya sallame ta.

Mushe ya karɓi alƙalami ya je bango da kansa. A ƙarƙashin maganar kore da ta sallama ya rubuta aibi na uku, da manyan baƙaƙe, ya ja masa layi biyu. Sannan ya ɗauki salularsa ya fita ƙofar ɗaki. Suna jin sa yana gaisawa da shugaban ƙungiyar, gaisuwa mai tsawo fiye da kullum, kafin ya ce kada a turo mota ranar Litinin, a bari sai Alhamis, akwai abin da ya gani yana son ya gyara. Raƙiya ta ɗaga murya ta ce a gaya wa mutumin gaskiya, ba shi ya gani ba. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya ƙara matsawa gaba.

Kafin ya dawo ɗakin ya ɗan motsa. Muktari ya yi gyaran murya ya ce, tunda an buɗe maganar, shi ma akwai wani ɗan abu da ya lura da shi tun makon farko, in aka juya salular a kwance gurbin ƙauye yakan ɓace, amma ya ɗauka ko da gangan ne. Wani ya ce shi kuma ya ga sunan da ke da ƙ ko ɗ ba ya fitowa a wurin nema. Ashe kowa yana da nasa a aljihu, yana ta ɗawainiya da shi mako biyu. Suka yi layi a gaban takardar, alƙalami ɗaya yana zagayawa.

Mushe ya shigo ya tarar da layin. Ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta tun daga sama har ƙasa, yana gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwar ta'aziyya. Ya koma ya zauna a kan benci, tunda kujerarsa tana hannun Raƙiya, ya tambayi Muktari minti nawa suka rage wa mai baki. Muktari ya ce ya tsayar da agogo tun da aka fita, saura minti huɗu.

"To a zauna. Tanna, ce ma mai baki ta ci gaba."

Zalika ta ƙara juya kujerarta kaɗan, ta sa hannu a jaka ta fito da wata ƴar takarda da ta cika gaba da baya da ƙananan rubutu na sauran aibobin da ta gano, ta shimfiɗa ta a gwiwa.

"Tanna," in ji ta, "kashe rezo, salula ta rabu da intanet, ki shigar da mutum, sa'annan ki kunna mu gani ko shina nan."